Wasiƙa ga Edita: Furotin 14-3-3 Tsakanin Saƙonnin Ƙwaƙwalwa da Ciwon Daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon a ba mu fili mu yi magana kan wani salon labarin lafiya da ya yi yawa a 'yan shekarun nan. Yau a ce masana sun gano furotin da ke haddasa ciwon daji, gobe a ce sun gano wanda ke ƙara sinadarin farin ciki a ƙwaƙwalwa. Sai mai karatu ya ɗauka na farkon abokin gaba ne da ya kamata a kawar, na biyun kuma abin nema ne ko da kuɗi. Sau da yawa kuwa abu ɗaya ake magana a kai. Dangin furotin da ake kira 14-3-3 ya isa misali, kuma a kansa za mu tsaya.

Moore da Perez ne suka fara ware shi daga ƙwaƙwalwar shanu a 1967, lambar da yake amsawa kuma ta fito ne daga gurbin da ya faɗa lokacin da suke tace furotin na ƙwaƙwalwa. Sai a 1987 Ichimura da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa yana ƙarfafa inzayim (furotin mai gaggauta sarrafa sinadarai a jiki) guda 2 masu haɗa sinadaran isar da saƙo tsakanin jijiyoyi. A jikin ɗan Adam iri 7 ne: beta, gama, efsilon, eta, sigma, tau da zeta, kowanne da tasa ƙwayar gadon. A ƙwaƙwalwa ya fi yawa, inda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na furotin da ke narke a cikinta, amma babu wata gaɓa da ba ya ciki, kuma akwai shi a tsirrai da yis.

Shi kansa ba ya haɗa komai, ba ya kuma wargaza komai. Biyu-biyu yake zama, kowane ɓari nauyinsa kusan kilodalton 30, kuma a cikin kowane ɓari akwai wani kwarmi. Abin da ke shiga kwarmin nan shi ne yankin wani furotin da aka liƙa wa fosfet a kan amino asid mai suna serin ko tironin. Idan babu fosfet, galibi ba ya kamawa. Inzayim da ake kira kainas su ke liƙa fosfet, fosfatas kuma su ke cirewa, saboda haka hukuncin a hannunsu yake. Aikin 14-3-3 irin na awartakin maƙeri ne: ba shi ke ƙira ba, riƙo kawai yake yi, amma yadda ya riƙe ƙarfen shi ke nuna inda guduma za ta sauka. Idan ya kama furotin, ko ya sauya masa siffa, ko ya rufe wani sashe nasa yadda wani ba zai taɓa ba, ko ya tsare shi a wani wuri a cikin ƙwayar halitta. Furotin da yake kamawa ta wannan hanya ɗaruruwa ne.

A dubi yadda ake haɗa dofamin. Ana farawa da amino asid tairosin. Inzayim mai suna tairosin haidiroksilas, wanda ake taƙaitawa TH, ya mayar da shi L-DOPA, kuma ba zai iya ba sai da ƙarfe, da oksijin, da wani mataimaki da ake kira BH4. Daga nan inzayim na biyu, mai dogaro da bitamin B6, ya mayar da L-DOPA dofamin. A wasu jijiyoyin a nan ake tsayawa. A wasu kuma inzayim na uku, mai bukatar tagulla da bitamin C, ya mayar da dofamin noradirenalin, sannan a ƙullin da ke saman ƙoda a ƙarasa zuwa adirenalin. Duk cikin matakan nan na TH ne ya fi nawa, shi ke ƙayyade yawan abin da zai fito a ƙarshe. Shi ya sa cika ciki da tairosin ba ya sa dofamin ya tumbatsa a ƙwaƙwalwar mai lafiya, komai abin da masu tallan ƙwayoyin ƙarin kuzari za su faɗa. Dofamin da kansa yana komawa ya manne wa ƙarfen da ke cikin TH ya dakatar da shi da zarar ya wadata.

To ina 14-3-3 ya shigo? A farkon sarƙar TH akwai serin a gurbi na 19 da na 31 da na 40. Idan jijiya ta yi aiki, kalsiyam ya kwarara cikinta, sai wani kainas mai jin kalsiyam ya liƙa fosfet a serin na 19, nan take 14-3-3 ya kama wurin. Riƙon nan yana kare fosfet ɗin daga masu cirewa, yana kuma sa TH ya daɗe bai lalace ba. Fosfet na gurbi na 40, wanda kainas PKA ke liƙawa, shi ne ke raba TH da dofamin ɗin da ya danne shi, kuma samun fosfet a na 19 yana sauƙaƙa shigar na 40. A nan muke so a lura: 14-3-3 ba shi ke ba da umarnin a ƙara dofamin ba. Umarnin daga aikin jijiyar ya fito, shi tsawaita shi kawai yake yi. Haka abin yake ga serotonin, inda inzayim TPH ke fara aiki a kan amino asid tiriftofan. TPH iri 2 ne, na hanji da na ƙwaƙwalwa, kuma sai a 2003 aka bambance na ƙwaƙwalwar. Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa, ba ya kuma ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa.

Inda aka fi ganin aikin riƙon nan ƙarara shi ne wajen melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. A ɗan ƙullin finiyal da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa ake mayar da serotonin melatonin, ta hannun wani inzayim mai suna AANAT. Da rana, ana yin AANAT ana wargaza shi nan da nan. Idan duhu ya shiga, jijiyoyi su zuba noradirenalin a kan ƙullin, PKA ya tashi ya liƙa fosfet a tironin na 31 na AANAT, 14-3-3 ya rungume shi. A cikin wannan riƙo masu wargazawa ba sa kai gare shi, kuma yana kama serotonin da ƙarfi fiye da da. Haske mai ƙarfi ya bugi ido da tsakar dare, noradirenalin ya yanke, fosfet ya fita, riƙon ya saki, cikin 'yan mintuna inzayim ɗin ya rushe. A 2001 aka ga siffar su biyun a haɗe. Wannan ne ma dalilin da wasu magungunan hawan jini irin su propranolol ke rage melatonin, domin suna toshe saƙon noradirenalin tun daga tushe, kuma wasu masu shan su kan yi kukan rashin barci.

Yanzu sai ciwon daji, inda zancen ya fi sarƙaƙiya.

Daga cikin masu sa ƙwayar halitta ta rabu gida biyu akwai wani inzayim mai suna Cdc25C, wanda ke shiga cibiyarta ya tayar da injin rabuwa. Idan DNA ya samu rauni, ko daga gashin radiyeshon ko daga magungunan kashe daji, kainas Chk1 ya liƙa fosfet a serin na 216 na Cdc25C, 14-3-3 ya kama shi ya tsare shi a wajen cibiya. Rabuwa ta tsaya har a yi gyara. A 1997 aka bayyana wannan, kuma a shekarar ce ɗakin binciken Bert Vogelstein a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya nuna cewa p53, furotin da ya fi kowanne suna wajen hana daji, yana umartar ƙwaya ta ƙara yin 14-3-3 sigma idan DNA ya lalace. A 1999 suka cire sigma daga ƙwayoyin dajin babban hanji, suka raunata DNA ɗinsu. Ƙwayoyin suka fara tsayawa, amma suka kasa daurewa, suka afka cikin rabuwa da karyayyun kuromosom suka mutu. A 2000 kuma aka gano cewa a mafi yawan sankarar mama an rufe bakin ƙwayar gadon sigma. Ba goge ta aka yi ba, tana nan daram, wata 'yar alamar sinadari mai suna metil aka liƙa mata har ƙwaya ta daina karanta ta. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce 14-3-3 mai tsaro ne.

Amma ga ɗaya fuskar. Akwai furotin mai suna BAD wanda aikinsa shi ne tura lalatacciyar ƙwaya ta kashe kanta. Idan saƙon girma ya zo, kainas Akt ya liƙa masa fosfet, 14-3-3 ya kama shi ya nesanta shi daga maitokondiriya, inda ya kamata ya yi aikinsa. Ɗakin binciken Stanley Korsmeyer ne ya nuna wannan riƙo a 1996. Haka yake yi wa FOXO, wanda ke buɗe ƙwayoyin gadon dakatar da girma: da Akt ya yi masa alama, 14-3-3 ya fitar da shi daga cibiya. A lafiyayyen jiki wannan daidai ne, domin ƙwayar da ke samun saƙon rayuwa bai kamata ta mutu ba. Matsalar tana tasowa ne idan Akt ya ƙi kwanciya, kamar yadda ke faruwa a dajin da ya rasa PTEN, furotin da ke taka wa Akt birki, rashin da ke da yawa a sankarar furostet ta maza da ta mahaifa. A nan 14-3-3 yana yin aikinsa na kullum ba tare da kuskure ba, sai dai alamar da yake bi ta ƙarya ce, sakamakon kuwa ƙwayar daji ta ƙi mutuwa.

Batun RAF ya fi duka ban sha'awa a wurinmu, domin a kan furotin ɗaya 14-3-3 ke yin aiki biyu masu karo da juna. RAF kainas ne da ke isar da saƙon girma daga RAS, furotin da ke karɓar saƙon a gefen fatar ƙwaya, zuwa ciki. A nau'in CRAF akwai wuraren kamu 2, serin na 259 da na 621, a BRAF kuma na 365 da na 729. Idan ɓari biyu na 14-3-3 suka kama wuraren nan biyu a jikin RAF guda, suna naɗe shi ya zauna shiru. Idan RAS ya tashi aka cire fosfet na farko, sai 14-3-3 ya saki wannan gefen, ya kama wutsiyar RAF guda biyu ya haɗa su, haɗuwar nan kuwa ita ce ke kunna su. Hotunan da aka samu a 2019 da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki sun nuna siffofin biyu. A ga abin da ke faruwa idan riƙon farko ya lalace: wasu masu ciwon Noonan, ciwon da ake haihuwar mutum da shi, suna da sauyi a kusa da serin na 259, 14-3-3 ya kasa naɗe CRAF, saƙon girma ya yi ta gudana, kuma da yawansu naman zuciyarsu kan yi kauri. Sauyin BRAF V600E, wanda ake samu a kusan rabin masu dajin fata na melanoma, shi ma kuɓuta ce daga wannan zaman shiru.

Zeta kuwa, ƙwayar gadonsa YWHAZ tana kan kuromosom na 8, a yankin 8q22 da kan ninku a wasu sankarar mama. Binciken da aka wallafa a 2010 ya danganta wannan ninki da ƙin jin magunguna irin su doxorubicin da kuma dawowar ciwo. Efsilon yana kan kuromosom na 17, kuma a 2012 aka gano cewa a wani mugun nau'in dajin mahaifa ƙwayar gadonsa YWHAE tana karyewa ta manne da wata daga kuromosom na 10. Likitocin da ke duba nama suna neman wannan haɗi don tantance nau'in ciwon. Yankin nan dai na kuromosom na 17 ne idan ya ɓace a jariri, tare da maƙwabciyarsa LIS1, ake haihuwarsa da ƙwaƙwalwa marar lanƙwasa, wato ciwon Miller-Dieker. Shi kansa sigma da muka yaba, a dajin fankiriyas ƙaruwa yake yi maimakon raguwa.

Saboda haka roƙonmu ga masu rubuta shafin lafiya shi ne, duk rahoton da ya ce 14-3-3 ya ƙaru ko ya ragu, a tambayi wanne cikin bakwai ɗin, a wace gaɓa, kuma me yake riƙe da shi. Rahoton da bai amsa waɗannan ba bai cancanci babban kanu ba.

Ga ɗalibai da masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje, akwai ramuka da aka saba faɗawa. Tunda kamun ya dogara da fosfet, wanda ya fasa ƙwayoyi bai sa maganin hana fosfatas a ruwan fashin ba, ko ya bar samfurin ya ɗumama maimakon ya ajiye shi kan ƙanƙara, zai nemi abokan 14-3-3 ya rasa, ya rubuta cewa babu alaƙa alhali shi ya wanke ta. Irin bakwai ɗin sun yi kama da juna ƙwarai, nauyinsu ma kusan ɗaya ne, don haka sinadarin ganowa da ba a tabbatar da shi a kan ƙwayoyin da aka cire wa iri guda ba yana iya nuna zeta a ce beta ne. Na uku ya fi ɓoyuwa. An daɗe ana amfani da YWHAZ a matsayin ma'auni tsayayye da ake gwada sauran ƙwayoyin gado da shi a gwajin PCR. A naman dajin da 8q22 ya ninku, ma'aunin da kansa ya hau, sai duk abin da aka auna da shi ya fito kamar ya ragu. Haka gwajin metil a kan sigma: fararen ƙwayoyin jini na limfosait a ɗabi'arsu ma metil ke rufe da sigma ɗinsu, to idan curin naman da aka niƙa cike yake da su, sakamakon zai nuna rufewar da ba ta dajin ba ce. Sai an ware ƙwayoyin dajin tukuna.

Mai karatu na iya cin karo da sunan 14-3-3 a takardar asibiti, kada ya firgita ya ɗauka gwajin daji ne. Tun 1996 ake auna shi a ruwan laka idan ana zargin cutar Creutzfeldt-Jakob, mai lalata ƙwaƙwalwa da sauri. Dalilin kawai shi ne yana da yawa a jijiyoyi, idan suna mutuwa da sauri sai ya zubo cikin ruwan. Shanyewar ɓarin jiki, kumburin ƙwaƙwalwa da doguwar farfaɗiya duk suna iya ɗaga shi, jini ya gauraya da samfurin lokacin ɗiba ma yana ɓata sakamakon. Shi ya sa yanzu aka fi dogara da gwajin RT-QuIC, wanda ke neman gurɓataccen furotin ɗin cutar kai tsaye.

Akwai kuma inda sinadaran saƙo da daji suka haɗu ido da ido, wato ƙarin da ke tsirowa daga ƙwayoyin da aikinsu dama haɗa waɗannan sinadarai ne. Ƙarin feyokoromosaitoma a saman ƙoda yana zubo adirenalin da noradirenalin ba ƙaƙƙautawa ko a kai a kai, mai shi ya riƙa fama da hawan jini mai zuwa farat ɗaya, da ciwon kai, da gumi, da bugun zuciya. Ana auna metanefirin, wato ragowar adirenalin da noradirenalin, a jini, an fi so bayan mutum ya kwanta na minti 20 zuwa 30, kuma wasu tsoffin magungunan ciwon damuwa suna ɗaga sakamakon ba tare da ƙari ba. Kafin tiyata ana fara ba da maganin toshe makarɓin adirenalin irin alfa na kwana 7 zuwa 14, sannan na toshe beta idan da bukata. In aka juya tsarin, jijiyoyin jini su tsuke, hawan jinin ya yi tashin da zai iya kisa. Idan haka bai wadatar ba akwai metyrosine, wanda ke toshe TH ɗin da muka yi bayani. Ƙarin kasinoyid na hanji kuwa serotonin yake zubarwa. Muddin yana hanji kaɗai, hanta tana tace abin da ya zubo, alamomi ba sa fitowa sosai. Da ya bazu zuwa hanta sai zawo mai naci da jan fuska su bayyana, a hankali bawul na ɓangaren dama na zuciya su yi tauri. Yana kuma cinye tiriftofan ɗin da jiki ke yin bitamin B3 da shi, har fata ta fara nuna ƙarancinsa. Ana auna 5-HIAA, ragowar serotonin, a fitsarin awa 24, bayan an ƙaurace wa ayaba, abarba, tumatir da makamantansu na kwana 2 zuwa 3, domin suna ɗauke da serotonin. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da telotristat, mai toshe TPH, don zawon da ya ƙi jin sauran magani. A yara masu niyurobilastoma, wani dajin ƙwayoyin jijiya, kusan 9 cikin 10 ana ganin ragowar dofamin da noradirenalin, HVA da VMA, sun hau a fitsari. A lura, metyrosine da telotristat inzayim ɗin suke kai wa hari, ba 14-3-3 ba.

Dalilin a fili yake. An daɗe da samun abin da ke toshe kwarmin 14-3-3 gaba ɗaya, irin su ɗan guntun furotin R18 da ninkinsa difopein, kuma a kwanon gwaji suna sa ƙwayoyin daji su mutu, tunda BAD da FOXO sun kuɓuta. Amma kwarmin da ke riƙe BAD shi ne ke riƙe TH da AANAT da Cdc25C, kuma kusan iri ɗaya ne a duka bakwai ɗin. Wanda ya toshe shi a jikin mutum ya saki ɗaruruwan furotin lokaci guda, har da na ƙwaƙwalwa da zuciya. Har yanzu babu maganin daji da aka amince da shi mai aiki ta wannan hanya, kuma a ganinmu ba ta nan nasara za ta zo ba.

Hanyar da ta fi alamar ɓullewa daga gona ta fito. Wani fangas da ke kama itatuwan almon yana fitar da guba mai suna fusikoksin. Gubar tana shiga ɗan gurbin da ya rage tsakanin 14-3-3 na tsiron da famfon da ke fatar ƙwayoyin ganye, ta manne su yadda ba za su rabu ba. Famfon ya yi ta aiki, kafofin ganye su kasa rufewa, ruwa ya ƙare, ganye ya yanƙwane. Abin da ya ja hankalin masu haɗa magani shi ne gubar ba ta manne kowane abokin 14-3-3, sai wanda siffar wutsiyarsa ta bar mata gurbi. Ke nan ana iya ƙarfafa riƙo guda a bar sauran. A 2013 aka nuna cewa fusikoksin yana ƙarfafa riƙon 14-3-3 a kan makarɓin istirojin, wato furotin da ke karɓar saƙon sinadarin mata istirojin, a tironin na 594 da ke ƙarshen sarƙarsa, ya hana makarɓan haɗuwa biyu-biyu, ya kuma rage girman ƙwayoyin sankarar mama masu dogaro da istirojin a kwanon gwaji. Wurin da yake kamawa daban yake da inda maganin sankarar mama tamoxifen ke kamawa, abin da ya sa ake sa ran amfaninsa ga ciwon da ya daina jin tamoxifen. Masu bincike a Holan da Amurka suna ƙera ƙananan sinadarai da za su yi irin wannan manni a kan makarɓin istirojin da kuma serin na 259 na CRAF, don a mayar da shi zaman shirunsa. Duk wannan yana matakin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma haka ya kamata a rubuta shi idan labarinsa ya iso teburinku.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu malaman kimiyyar sinadaran jiki da nazarin ciwon daji